Daga Homo zuwa On: Sauyin Ma'ana da Nahawu

A Latin, kalmar homo na nufin ɗan'adam, mace ko namiji, shi kuwa namiji vir ake ce masa. Da vir ta ɓace, sai homo ta gaje ta, shi ya sa uomo a Italiyanci da hombre a Sifaniyanci ke nufin namiji. Faransanci kuwa ya raba kalmar gida biyu. Sigar karɓau, hominem, ta haifi homme, ta tsaya a ajin suna. Sigar aikau, homo, ta ƙanƙance ta zama on, wakilin suna kwatankwacin "an" da "ana" a Hausa. A maganar yau da kullum, on kan maye gurbin nous, wato "mu". Mai fassarar da bai lura ba yakan mayar da "mun yi" ta koma "an yi".