Ƙafa a kan tudu, zare a hannu: abin da na gano a tsibiran Shetland

Akwai sana'o'in da ba a gama fahimtarsu daga cikin ɗaki. Wanda ya sayi zaren ulu a kanti ya zauna ya saƙa hular sanyi yana iya ƙwarewa har a yaba masa, amma bai san tunkiyar da aka samo gashin daga jikinta ba, bai san ciyawar da ta ci ba, balle ƙasar da ta fitar da launin da yake sarrafawa. Na shafe shekaru ina saƙa da tsinke, ina kuma rina zaren da nake aiki da shi da hannuna, kuma wannan giɓi ya daɗe yana damuna. Shi ya sa da na sami hutu a ƙarshen watan Satumba, sai na raba kwanakin gida biyu: safiya ta tafiyar ƙasa a kan tuddai, yamma kuma ta saƙa da rini. Wurin da na zaɓa shi ne Shetland, domin a can ne tafiya da saƙa suka daɗe suna tare.

Shetland tarin tsibirai ne fiye da 100 a can ƙuryar arewacin Sikotilan, tsakanin Birtaniya da Nowe. Waɗanda ake zaune a cikinsu ba su kai 20 ba, mutanen kuma ba su wuce kimanin 23,000 ba, tumakinsu sun ninka su sau da yawa. Jirgin ruwa yakan tashi daga birnin Aberdeen da yamma, ya kwana a teku kamar awa 12 zuwa 14, ya wayi gari a Lerwick, babban garin tsibiran. Abin da zai fara bai wa baƙo mamaki shi ne ƙarancin itatuwa. Tuddai ne shimfiɗe da gajeriyar ciyawa, iska tana kaɗawa ba dare ba rana, kuma duk inda mutum ya tsaya teku ba ta fi nisan kilomita 5 daga gare shi ba. Na daidaita zuwana da Makon Ulu na Shetland, bikin da aka fara a 2010, wanda yake tara masaƙa da marina da masu kaɗi daga ƙasashe daban-daban. Kowace shekara akan fitar da zanen hula guda, kowa ya saƙa tasa da launin da ya ga dama, ta yadda idan ka shiga titunan Lerwick a makon nan, kana ganin kan mutum ka san abin da ya kawo shi.

Tafiyar ƙasa a can ba ta da wahalar neman izini. Dokar ƙasa ta Sikotilan ta 2003 ta bai wa kowa damar ratsa filaye da tuddai da ƙafa, muddin zai rufe ƙofar shinge a bayansa, ba zai firgita dabbobi ba, ba zai bar shara ba. Fitata ta farko ta kasance zuwa Sumburgh, kudancin babban tsibirin, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1821 take tsaye a kan dutse. Idan sama ta washe, daga nan ana hango Fair Isle, ɗan tsibirin da sunansa ya zama sunan salon saƙa a duniya. A kan hanya na lura da tsummokaran gashin tumaki maƙale a jikin waya da ƙananan tsirrai. A da, mata da yara kan bi tudu suna tsintarsu, suna da ma sunan da suke kiransu da shi, hentilagets, domin a gidan talaka ko ɗan wannan ba ya tafiya a banza. Tumakin asali na tsibiran kan saki gashinsu da kansu idan bazara ta shigo, shi ya sa mutanen da suke tuge shi da hannu a hankali maimakon aski. Na tsinci abin da ya cika aljihuna, kuma cikin wannan ɗan kaɗan na ƙirga launi huɗu: fari, toka-toka, ja-ja mai kama da ƙasa, da baƙi. Ƙungiyar masu kiwon wannan iri ta amince da manyan launuka 11, kowane da sunansa. Wato kafin mariniya ta hura wuta, tunkiya ta riga ta yi mata rabin aiki.

A gidan tarihi na Lerwick na ga hotunan da suka sa na fahimci cewa abin da nake yi a matsayin hutu, matan wurin sun yi shi a matsayin wahala. Mace ce goye da kwando cike da baƙar ƙasar fadama, wadda suke yankawa kamar tubali su shanya su hura wuta da ita, tana saukowa daga tudu, hannuwanta kuma suna saƙa. Abin da yake ba ta damar haka wata ɗamara ce ta fata da ake cusa wa gashin doki, a huda ta da ƙananan ramuka. Takan soke gindin tsinke ɗaya a ciki, ya tsaya daram, hannun dama ya sami sukunin jefa zare da sauri. Na sayi irin wannan ɗamara na gwada a kan hanya mai laushi, na kuwa ga hikimar. Nauyin saƙar yakan koma ƙugu, kafaɗa ta huta, ido kuma ya kalli gaba. A karin harshensu ma saƙa sunanta makkin, wato yi ko ƙerawa, kamar dai ita ce aikin da ya cancanci a kira shi aiki.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka labarin na daɗi ne zalla. Mazajen tsibiran masunta ne da matuƙa jiragen ruwa, teku kuma tana cinye da yawa daga cikinsu, saboda haka tsinken mace shi ne yake riƙe da gidaje masu yawa. Amma 'yan kasuwar da suke karɓar safa da mayafai ba sa biya da kuɗi, sai da ganyen shayi ko yadi ko wani kayan kanti, a farashin da su suka yanke. Mace ta kwana saƙa, gari ya waye ba ta da abin sayen garin abinci, sai ta sake sayar da shayin da aka ba ta a kan asara. Gwamnatin Birtaniya ta tura kwamitin bincike a 1872, mata suka ba da shaida, amma tsarin bai gushe gaba ɗaya ba sai wajejen Yaƙin Duniya na Biyu. A kusa da Sumburgh ɗin nan akwai gidan Betty Mouat, dattijuwar da ta shiga jirgin ruwa mai suna Columbine a watan Janairun 1886 za ta kai saƙarta da ta maƙwabtanta Lerwick. Guguwa ta jefa shugaban jirgin cikin teku, sauran ma'aikatan biyu suka bi shi da kwalekwale, jirgin ya tafi da ita ita kaɗai, ya yi fiye da mako yana yawo kafin ya sauka a gaɓar Nowe, kuma ta rayu. Duk wanda ya taɓa taya kayan hannu da farashin wulaƙanci ya kamata ya ji wannan labari.

Tafiya mafi tsawo da na yi ita ce ta Hermaness a tsibirin Unst, bayan na hau jirgin fito sau biyu, na ratsa tsibirin Yell. Ana bin wata hanyar katako a kan fadama, sannan a ɓulla bakin wani dutse mai tsayin gaske da ya tsaya a kan teku, dubban fararen tsuntsayen ruwa suna shawagi a ƙasan ƙafafun mutum. Daga nan ake hango Muckle Flugga, dutsen da ke ɗauke da hasumiyar fitila mafi nisa a arewacin Birtaniya. Unst ɗin nan ne ya yi suna wajen saƙar leshi, wadda ake kaɗa zarenta daga gashi mafi laushi na wuyan tunkiya. A cibiyar tarihi ta Haroldswick na ga mayafan da faɗinsu ya isa ya lulluɓe mutum, amma saboda sirantaka ana iya zare su ta cikin zoben aure. Da na kalli zanen da ke jikinsu, sai na ga abin da na baro a waje: igiyar ruwa, bawon katantanwa, sawun tsuntsu. Da ban taka wannan ƙasa da ƙafata ba, da sai in ce ado ne kawai.

Haka ma batun launi. Salon Fair Isle, wanda ya bazu a duniya tun da Yariman Wales ya fito sanye da irin suwaitarsa a shekarun 1920, yana da ƙa'ida mai sauƙi: launi biyu kacal a kowane layi, wanda ba a aiki da shi yana bi ta baya, abin da yake ninka kaurin rigar ya tare iska. Amma daga layi zuwa layi launukan suna sauyawa a hankali, kamar yadda tudu yake sauyawa idan gajimare ya gifta. A ajin rinin da na halarta mun dafa kan wani ɗan gajeren tsiro da ya rufe tuddan, muka sami rawaya bayan mun jiƙa zaren a ruwan alif domin launin ya kama. Mun kuma gwada wani tsiro mai kama da gansakuka da yake mannewa a jikin duwatsu, wanda yake ba da ruwan ƙasa mai ɗumi ba tare da alif ba. Malamar ta ja mana kunne cewa 'yan milimitoci kawai yake ƙaruwa a shekara, saboda haka abin da iska ta kakkaɓo kaɗai ake tsinta, ba a kankare dutse. Ulu kuma yana da nasa hali. Ba ya jure toka mai ƙarfi kamar yadda auduga take jurewa, kuma idan aka fitar da shi daga ruwan zafi aka jefa a na sanyi, sai ya cure ya dunƙule, aikin ya lalace.

Launi biyu ne ƙasar ba ta iya bayarwa yadda ake so, ja mai ƙarfi da shuɗi, saboda haka tun da can ta jirgin ruwa ake kawo saiwar jan rini da shuni. A nan ne na ji kamar ina gida. Matan tsibiran kan jiƙa shuni a cikin fitsarin da ya kwana biyu, su ajiye kusa da murhu har ya ruɓa ya tashi. Marinanmu kuwa da baba da toka da katsi suke haɗa nasu a cikin karofi. Hanya daban, sirri ɗaya: sai ruwan ya ruɓa shuni yake narkewa, zare ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka. Da na ba su labarin marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, da turkuɗin Kura da Buzaye suke naɗawa, da yadda Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa rinannen tufafin birnin yana kaiwa har Tambutu da Tarabulus, sai aka bar tukwane aka kewaye ni da tambayoyi. Abin da muke wucewa ta gefensa a kan babur, wasu suna jin labarinsa baki buɗe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda sana'ar ta tsira daga mutuwa. Da aka fara sauke man fetur a tashar Sullom Voe a 1978, albashi mai tsoka ya janye mata da yawa daga saƙa, kamar yadda mai ya janye hankalinmu daga auduga. A 2010, shekarar da aka fara Makon Ulu, hukumar tsibiran ta daina biyan kuɗin darasin saƙa a makarantun firamare domin rage kashe kuɗi. Mutanen ba su tsaya kuka ba. A 2015 masu sa kai suka kafa shirin ShetlandPeerieMakkers, inda gwanaye suke zuwa su koya wa yara kyauta. Kamfanin Jamieson & Smith a Lerwick yana sayen mafi yawan gashin da makiyayan tsibiran suke samarwa, masaƙar Jamieson's da ke Sandness kuma tana wankewa, ta rina, ta kaɗa a cikin tsibirin. Saboda haka kuɗin baƙon da ya zo hawan tudu yana bi ta hannun mai masauki da mai koyar da saƙa har ya isa ga mai tunkiya.

Tumakinmu, Balami da Uda da 'Yankasa, ba su da ulu, kuma ba ma bukatar kwaikwayon suwaitar wasu. Muna da auduga, da mazari, da baba, da karan dafi, da rawaya, da bagaruwa. Amma yau mai saƙa hular jarirai a Kano ko Zariya da zaren roba na ƙasashen waje take aiki, tsofaffin da suka iya kaɗi suna ƙarewa, karofi da yawa kuma sun zama wurin zuba shara. Me zai hana ƙungiyoyin marina da na mata masu saƙa, tare da hukumomin tarihi da al'adu, su ware mako guda a lokacin hunturu, a hau Dala da Goron Dutse da safe, a sauko Ƙofar Mata a tsoma hannu a shuni, washegari a nufi Kura, a biya kowane gwani kuɗin koyarwarsa a hannu, yara 'yan makaranta kuma su shiga kyauta? Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tamu tana nan a tukunya, kuma waɗanda suka san yadda ake haɗa ta suna raye tukuna. Kamata ya yi a je a zauna a gabansu tun suna iya nunawa.