Idan ruwa ya ci gidanku a Kankia ko Kusada, wa zai biya?

Duk damina labarin ɗaya ne a Facebook da WhatsApp: katanga ta zube, iska ta naɗe kwanon rufi kamar tabarma, ga tsohuwa zaune kan ƙullin kayanta tana kallon inda ɗakinta yake jiya. Sai ka rubuta "Allah ya mayar da alheri", ka wuce. Addu'a ce mai kyau. Amma ka taɓa tambayar kanka, in da gidanku ne, daga aljihun wa kuɗin sake gini zai fito?

Kada ka ce ai mu Kankia da Kusada ba mu da babban kogi. Gidan ƙasa ba ya jiran kogi. Ruwan kwana biyu a jere ya ishe shi: gindin katanga ya jiƙe, azara ta yi nauyi, soro ya zauna. Ga kuma iskar farkon damina mai yaye kwano. Masana yanayi sun daɗe suna gargaɗin cewa ɗumamar duniya na sa ruwa ya riƙa sauka da yawa cikin ɗan lokaci. Mun gani a Jibia cikin Yulin 2018, inda ambaliya ta kashe mutum sama da 40. A 2022 ta kashe sama da 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu. Maiduguri ta sha nata a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, Mokwa kuma a Mayun 2025.

To, ina maganar inshora? A takarda akwai ta. Kamfanoni na sayar da inshorar gobara wadda ake iya haɗawa da ambaliya da guguwa: ka biya wani abu duk shekara, in asara ta afku su biya ka. Amma kafin ta iso ƙofar gidan babanka, akwai shinge. Ofisoshin kamfanonin galibi suna birnin Katsina ko Kano. Sun fi son ginin bulo da siminti, wanda za a iya yi wa ƙima, su ga shaidar mallaka. Gidan gado na ƙasa, wanda shaidarsa ita ce maƙwabta da mai unguwa, da wuya ya shiga lissafinsu. Dokar ƙasa ma gine-ginen da jama'a ke shiga da dogayen benaye da ake kan ginawa ta tilasta wa inshora, ba gidan talaka ba. Shi ya sa duk harkar inshorar Najeriya ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar ba.

Kuma kada ka ɗauka mu kaɗai ne. A Amurka, cikin Mayun 2023, kamfanin State Farm ya daina karɓar sabbin masu neman inshorar gida a jihar Kalifoniya, yana kafa hujja da haɗarin gobarar daji da tsadar gini. A Birtaniya sai da gwamnati da kamfanoni suka haɗa hannu suka kafa Flood Re a 2016, don gidajen da ke bakin ruwa su samu inshora da sauƙi. Abin lura shi ne, kamfani ɗan kasuwa ne. Inda haɗari ya ƙaru, ko ya tsauwala kuɗi ko ya tattara komatsansa. Wanda ya fi buƙata shi ake fara bari a rana.

Za ka ce ai akwai NEMA da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Akwai su, kuma suna kawo shinkafa, tabarmi, wani lokaci har da kwano da siminti. Sai dai agaji kyauta ce, ba haƙƙin da ka biya ba. Ba ka san yaushe zai zo ba, ba ka san ko sunanku na cikin jerin ba.

Sannan ga abin da ke hana iyayenmu da yawa ko sauraron zancen: shakkar riba da caca a inshorar zamani. A nan ne takaful ta shigo. Tsari ne na taimakon juna bisa shari'a: kowa ya zuba gudummawa a asusu ɗaya, wanda asara ta sama a biya shi daga ciki, in an samu rara a raba wa masu zubi. Hukumar NAICOM mai kula da inshora ta fitar da ƙa'idojinta tun 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful na da lasisi. In za ka tuntuɓi kowane kamfani, yi tambaya tun kafin ka biya: kuna karɓar irin gininmu? Ambaliya da iska na ciki a rubuce, ko gobara ce kawai? Kwana nawa ake da shi a kai rahoto? Ka kuma tabbatar sunansa na cikin jerin masu lasisi na NAICOM.

In an ce ba a karɓar gidan ƙasa fa? To, ai mun san adashe, mun san gayya. Ƙungiyar matasan unguwarku za ta iya buɗe asusun damina: kowane gida ya zuba ɗan abin da aka amince bayan an girbe amfani, a rubuta suna, a ajiye a banki da sa hannun mutum uku, a fayyace tun farko asarar da za a biya. Rauninsa ɗaya, ku sani: in ruwa ya ci unguwar gaba ɗaya, asusun ba zai ɗauka ba. Don haka ku nemi haɗa kai da wasu garuruwa, ku kuma tambayi kansila, shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar Kankia, Ingawa da Kusada: me ya hana gwamnati ta tallafa wa tsarin takaful na gidajen karkara?

Kafin nan, wayar hannunka ta yi aiki. Ɗauki hoton gidan da takardunsa ka adana. Bi hasashen NiMet na shekara ka karanta wa tsofaffi. Ku yashe kwata, ku gyara indararo, ku sake yaɓe tun rani. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma hadari ba ya jiran a gama shawara.