Taurarin Abzin: Ƴan jitar da filin biki ya raina

Duk wanda ya taɓa kwana a birnin Agadas lokacin da ake hidimar aure ya san yadda abin yake kasancewa. Da la'asar sakaliya sai a share fili a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi, mata su zauna gefe guda cikin ado, samari masu rawani su yi da'ira, a tada injin wuta, a ɗaura lasifika. Kafin a jima amon jita ya cika unguwa. A irin wannan fili ne ƙungiyar makaɗan nan da ake kira Etran de l'Aïr ta shafe shekaru fiye da 20 tana neman abincinta kafin wani a ƙasashen waje ya san da zamanta. Ma'anar sunan da harshen Hausa ita ce Taurarin Abzin, domin kalmar etran a Tamashek taurari take nufi.

A Turai da Amurka ana kiran kiɗansu da sunan bulus ɗin hamada, kuma a can a kan gan su ne a ƙananan ɗakunan kiɗa da gidajen shaƙatawa, har da mashaya. Mu kuma a nan gida mun fi sanin su a matsayin makaɗan biki. Mun ga ya dace mu duba yadda waɗannan ƴan gida ɗaya suka taso, da kuma dalilin da ya sa ƙaramin fili ya fi babban dandali muhimmanci a tarihinsu.

Jita ɗaya da ƙwarya

An kafa ƙungiyar a shekara ta 1995, wato shekarar da gwamnatin Nijar da ƴan tawayen Abzinawa suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta ranar 24 ga watan Afrilu, ranar da har yanzu muke tunawa da ita kowace shekara. Kafin wannan lokaci kiɗan jita a arewacin ƙasar nan abu ne da hukuma take yi wa kallon hadarin kaji. Kaset-kaset na Tinariwen daga Mali da na marigayi Abdallah Oumbadougou a ɓoye suke yawo daga hannu zuwa hannu, saboda waƙoƙin da ke cikinsu na gudun hijira ne da gwagwarmaya. Da ƙura ta lafa sai jita ta fito sarari, ta samu sabon aiki, ta shiga gidajen aure da na suna.

Ƴan Etran ƴan'uwan juna ne, wa da ƙane da ƴaƴan baffanni. Iyayensu makiyaya ne da farin shekarun 1970 ya raba da daji, suka zo suka zauna a Agadas, kuma unguwarsu ita ce Abalane, can gefen gari. Moussa Ibra, wanda aka fi sani da Abindi, wanda daga baya ya zama jagoran ƙungiyar, yana da shekara 9 lokacin da aka fara. Kamar yadda shi da kansa ya sha bayyanawa, jita ɗaya tak gare su, ita ma wadda ba ta aiki da lantarki, ganga kuwa ƙwarya ce suke duka da takalmi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya san kiɗan ƙwarya na matan Hausawa. Daga baya suka samu wata ƴar na'ura suka manna a jikin jitar don ƙara mata sauti, sannu a hankali aka samu jitar lantarki, aka samu ganguna irin na zamani. Duk ƙanen da ya tasa a gidan sai a miƙa masa abin kiɗa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a labarin nasu shi ne tafiyar ƙasa. Abindi ya ce sun sha saɓa jita da lasifika a baya su taka har kilomita 25 cikin daji don su yi kiɗa a wani biki, wani lokaci ma ba a biya su ko dala ba. Mai karatu da ya san zafin ranar Abzin zai fi kowa gane abin da wannan ke nufi.

Wa ya raɗa masa suna bulus?

Bulus kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga nahiyar Afirka. Ya yi ƙarfi ne a yankin gonakin auduga na jihar Misisipi, inda leburori kan taru daren Asabar a wasu ƴan rumfuna na shan giya da rawa, mai jita ɗaya yana kaɗa musu yana waƙar wahala, talauci da rabuwa da masoyi. Ɗaya daga cikin manyansa, Muddy Waters, a ƙofar ɗakinsa na gona aka fara ɗaukar muryarsa a shekara ta 1941. Da ya koma birnin Chicago a 1943, hayaniyar mashaya ta hana a ji jitarsa, dole ya koma ga ta lantarki. Ka ji yadda ƙaramin wuri mai cunkoso ya sake wa kiɗa kama.

Da Turawa suka fara jin marigayi Ali Farka Touré na ƙasar Mali, sai kunnensu ya jiyo musu wani abu mai kama da wancan kiɗa na Misisipi. Faifan da ya yi tare da Ba'amurke Ry Cooder a 1994, mai suna Talking Timbuktu, ya samu kyautar Grammy, kamar yadda Tinariwen ma suka samu a 2012. Daga nan duk mai jitar da ya fito daga yankin Sahara sai a ce bulus ɗin hamada yake yi. Su Abzinawa suna da nasu sunayen. Wasu na cewa assouf, wato kewa ko begen gida. Wasu na cewa kiɗan ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci mai nufin marasa aikin yi, saboda samarin da suka tafi ci-rani Libiya da Aljeriya ne suka fara shi. Mutanen gari kuwa jita kawai suke cewa.

A namu ganin, wannan suna na bulus bai zauna daidai a kan Etran ba. Akwai kewa a cikin muryoyinsu, wannan gaskiya ne. Amma wanda aka ɗauko don ya tada mata rawa a gidan amarya ba zai zauna yana jan baƙin ciki ba. Kiɗansu mai sauri ne, jita biyu ko uku suna bin juna suna saƙa kamar zaren masaƙa, mai ganga yana kora su daga baya. Ana jin ɗanɗanon kiɗan arewacin Mali a ciki, ana jin na ƙungiyoyin Hausawa masu kiɗa a gidajen rawa, ana kuma jin sukus na Kwango. Dalili kuwa a fili yake: Agadas mahaɗa ce. Yau Ba'abzine ne ya gayyace su, gobe Bahaushe, jibi Bazabarme ko mutumin Tubawa, kuma kowa so yake ya ji abin da zai motsa danginsa. Makaɗin da ya iya salo ɗaya kawai zai kwana da yunwa.

Inda suka yi kama da mutanen Misisipi shi ne wajen matsayi. Kasuwar kiɗan biki a Agadas akwai gasa mai zafi a cikinta, kuma masu hannu da shuni kan nemi ƙungiyar da ta yi suna, mai sababbin kayan sauti. Su Etran an daɗe ana ɗaukar su makaɗan unguwannin talakawa, waɗanda ake kira idan aljihu bai kai a ɗauko manya ba. Su ma ba su ƙi ba. Abindi ya taɓa cewa babu wani lungu a Agadas da ba su yi kiɗa a cikinsa ba.

Daga ƙofar gida zuwa ƙetare

A shekara ta 2014 wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds da ke birnin Portland, ya ɗauki kiɗansu a ƙofar gidansu a Abalane. Idan ba a manta ba, wannan kamfani ne ya fitar da wani faifai a 2011 na waƙoƙin da aka tattaro daga wayoyin salula na mutanen Sahara, wanda ta cikinsa ne duniya ta fara jin Mdou Moctar, shi da ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki faifansa na farko. Na Etran bai fito ba sai a 2018, da sunan No. 1. Ba a goge komai a cikinsa ba. Ana jin tafi, ana jin guɗar mata da hayaniyar ƴan unguwa da suka taru kallo. Wata mai sharhin kiɗa ta mujallar The New Yorker, Amanda Petrusich, ta sanya shi a matsayi na ɗaya cikin faya-fayan da ta fi so a shekara ta 2020.

Bayan haka sai faifai na biyu mai suna Agadez a 2022, da na uku, 100% Sahara Guitar, a 2024. Mutum huɗu ne suka riƙa fita waje da sunan ƙungiyar: Abindi, da Abdourahamane Ibrahim, da Abdoulaye Ibrahim, da mai ganga Alghabid Ghabdouan. Sun zagaya Turai da Amurka, wani lokaci a manyan bukukuwan kiɗa, amma sau da yawa a ƙananan wurare, inda ɗan kallo zai iya miƙa hannu ya taɓa mai jita. Ga waɗanda suka saba da ƴan rawa suna tada musu ƙura a fuska, wannan ba sabon abu ba ne. Bambancin kawai shi ne a can tikiti ake saya a ƙofa, a nan kuwa liƙi ake yi.

Ƙofa mai buɗewa da rufewa

Sai dai kada mu ruɗu da tafin Turawa. Tarihin jitar Agadas ya nuna mana cewa abin da ake ganin ya zauna yana iya tashi cikin dare ɗaya. Lokacin tawaye na biyu da ya ɓarke a 2007, kiɗan jita ya sake shiga cikin zargi, aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗan Bombino, shi kuma ya gudu Burkina Faso. Sai a watan Janairu na 2010 ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas. Masu yawon buɗe ido da a da suke cika otel-otel na garin suka ɗauke ƙafa, kuma ko da hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, ba su dawo kamar da ba. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta ƙara tsuke aljihun direbobi da masu masauki da ƴan kasuwa, har zuwa watan Nuwamba na 2023 da aka soke ta. Duk wannan ya shafi makaɗi kai tsaye, domin angon da ba ya da kuɗi ba ya ɗauko ƙungiya. Sai ya nemi mai lasifika ya sa waƙa daga waya, kamar yadda muke gani a garuruwa da dama na ƙasar Hausa, inda wannan ɗabi'a ta raba makaɗan gargajiya da yawa da sana'arsu.

Ta ɓangaren waje ma haka abin yake. Juyin mulkin ranar 26 ga watan Yuli na 2023 ya riski Mdou Moctar da mutanensa a Amurka, suka kasa dawowa gida na wani lokaci saboda rufe iyakoki, har sai da masoyansu suka yi musu karo-karo. A watan Satumba na wannan shekara hukumomin Faransa suka ba da umarnin dakatar da hulɗa da masu fasaha na Nijar, Mali da Burkina Faso, abin da ya jawo surutu mai yawa a can Faransa ɗin. A 2025 kuma Amurka ta dakatar da ba da biza a ofishin jakadancinta na Yamai, sannan a watan Disamba ta sanya Nijar cikin jerin ƙasashen da ta hana ƴan cikinsu shiga. Mai jita ba ya cikin waɗanda suka haddasa rigimar, amma takardar tafiyarsa ce ke fara maƙalewa.

Shi ya sa muke ganin cewa masu kula da harkokin al'adu a ƙasar nan, da su kansu masu hidimar biki, ya kamata su dubi ƙananan ƙungiyoyin unguwa da idon daraja. Bombino da Mdou Moctar da Etran duk sun bi ta filin biki kafin su hau jirgi. A nan ne yaro yake koyon yadda ake riƙe kiɗa sa'o'i ba tare da hannu ya mutu ba, yadda ake gyara waya idan ta tsinke a tsakiyar rawa, da yadda ake karanta fuskar jama'a a san lokacin sauya salo. Kuma abin da ake buƙata don wannan makaranta ta ci gaba bai taka kara ya karya ba: wutar lantarki mai tsayawa, wurin da za a samu tsirkiyar jita da kayan gyaran lasifika ba sai an aika ƙasar waje ba, da kuma uban ango da zai biya makaɗa abin da aka yi ciniki kafin taro ya watse.