Tsani Mai Miƙewa da Injin Ɗaga Ma'aikaci: Ƙirarsu da Inda Haɗarinsu Yake

Tsani mai miƙewa tsani biyu ne, wani lokaci uku, da aka goya wa juna, na sama yana zamewa a jikin na ƙasa har ya kai tsawon da ake so. Na ƙasan shi ne uwa, ya fi faɗi, shi yake taka ƙasa. Na saman kuwa goyo ne. Maƙalai na ƙarfe suke riƙe goyon kada ya rabu da uwar, igiyar da ke bi ta kan 'yar taya a can sama ita take jan sa, sannan ƙugiyoyi biyu masu sifirin su faɗa kan matakala su kama. Da yawa suna zaton igiyar ce take riƙe da mutum, alhali aikinta ya ƙare da zarar goyo ya kai inda za shi. Nauyin mai hawa gaba ɗaya a kan ƙugiyoyin nan biyu yake. Idan ɗaya ta zauna ɗaya ba ta zauna ba, tsanin zai tsaya lafiya lau a ido, sai an taka shi ya murɗe. Shi ya sa gwanin aiki yake ɗaga kai ya ga bakin kowace ƙugiya ya rungumi matakala kafin ya sa ƙafa.

Da abu uku ake ƙera shi: katako, alminiyam da faiba. Alminiyam bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙarfe mai girmansa ba sai da kaɗan, ba ya tsatsa, mutum ɗaya yana iya saɓa shi, amma wutar lantarki tana bin sa kamar waya. Faiba ta fi nauyi da tsada, ba ta ɗaukar wuta muddin a bushe take kuma babu datti a jikinta, sai dai rana tana cin ta a hankali har zarenta ya fito yana ƙaiƙayi a hannu. Katako busasshe ma ba ya ɗaukar wutar lantarki sosai, amma da ya jiƙe wannan kariyar ta tafi.

Sandunan gefe guda biyu su ne ƙashin bayan tsani. Ana yin su da siffar kwararo ko ta akwati mai rami a ciki, a kuma tsayar da faɗinsu ta fuskar da nauyi zai danna, kamar yadda kafinta yake tsayar da katakon rufi a kan gefensa maimakon ya kwantar da shi. Akwai lissafi a nan da ya kamata kowane mai aiki ya sani: idan aka ninka tsawon sanda sau biyu ba a ƙara mata kauri ba, lanƙwasar da za ta yi a ƙarƙashin nauyi ɗaya za ta ninka sau takwas. Wannan ne dalilin da dogon tsani yake lilo a tsakiya, kuma shi ne dalilin da ba a yarda a miƙe goyo har ƙarshensa ba. Dole wani sashe nasa ya kwanta a kan uwar, domin nan ne gaɓar da take hana tsanin karyewa biyu. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ta ce tsanin da bai wuce ƙafa 36 ba a bar masa haɗin ƙafa 3, daga nan zuwa ƙafa 48 a bar ƙafa 4, zuwa ƙafa 60 kuma ƙafa 5. Saboda haka tsanin da aka sayar da sunan ƙafa 24 iyakarsa ƙafa 21 a miƙe. In aka jingina shi, aka kuma bar abin da ya kamata ya zarce bakin rufi, ba zai kai mutum sama da ƙafa 17 ko kusa da haka ba. Mai saye da bai san wannan ba yakan kawo gajeren tsani gida, daga baya ya cike giɓin da bulo ko durom a ƙarƙashinsa.

Kyakkyawan tsani ba kasafai yake karyewa ba. Abin da ya fi yi shi ne ya zame ta ƙasa ko ya kife ta gefe, kuma duka biyun daga jinginarsa suke tasowa. Ƙa'idar ita ce ɗaya cikin huɗu: kowane tsayin mita huɗu, a janye gindin tsani mita ɗaya daga bango, abin da ke ba da kusurwa ta digiri 75. Lambar tana da dalili. Mutum yana hawa, nauyinsa yana danna kan tsani a bango, bango yana mayar da turi, turin kuma yana neman fitar da gindin waje. Babu abin da ke hana shi fita sai kamun da takalman roba suka yi wa ƙasa. Mai nauyin kilo 80 da ya kai can sama a kusurwar digiri 75 yana tura gindin waje da ƙarfin da ya kai na kilo 21 ko kusa da haka. A kwantar da tsanin zuwa digiri 60, turin ya haura kilo 45, ya fi ninki biyu. Mugun abin shi ne turin yana ƙaruwa da kowace matakala, don haka tsanin da aka kwantar yakan yi shiru har sai mutum ya yi nisa, sannan ya sulale. In kuma aka tsayar da shi ƙiƙam fiye da kima, ɗan jan jiki baya ya isa ya taso da kansa daga bango.

Gwajin ba ya buƙatar ma'auni. Mutum ya tsaya yatsun ƙafarsa suna taɓa gindin tsani, ya miƙe hannuwansa sosai a gabansa. Idan tafukansa sun sauka daidai kan matakalar da ke saitin kafaɗarsa, jinginar ta yi.

Ƙasar da aka kafa shi a kai ita ma tana cikin lissafin. Tayil mai sheƙi, simintin da ƙurar hunturu ta lulluɓe, daɓen gareji da baƙin mai ya zuba, duk suna rage kamun roba. Takalman an yi su ne suna juyawa: a kan daɓe a kwantar da fuskar robar, a kan turɓaya a juya haƙoran ƙarfen su nutse. Tsanin da takalminsa ɗaya ya cire ya zama gurgu, kuma cusa masa tsumma ko guntun silifas ba gyara ba ne. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 131, bayan gyaran da ya fara aiki a 2018, ta wajabta wa tsanin jingina da ya wuce mita uku faɗaɗɗen gindi, galibi sanda a gicciye, don rage kifewa ta gefe. Yaron da aka ce ya riƙe gindi yana da ɗan amfani a gajeren tsani, amma ba zai iya tare dogon tsanin da ya fara tafiya ba. Ɗaure sandunan gefe biyu a sama da igiya ya fi shi nesa ba kusa ba.

Idan za a sauka kan rufi, tsani ya zarce bakin rufin da kimanin mita ɗaya, don mai hawa ya sami abin riƙewa lokacin da yake sauya ƙafa. Ba a aiki a kan matakalai uku na ƙarshe. Gaɓoɓi uku su kasance a jikin tsani kullum, ƙafa biyu da hannu ɗaya ko hannu biyu da ƙafa ɗaya, kuma cibiyar mutum kada ta fita daga tsakanin sandunan gefe. Mai fenti da ya miƙa hannu don ya shafe ɗan lungun da ya rage, saboda ƙyuyar sauka ya gusar da tsani, yana karya wannan ƙa'idar ne a daidai lokacin da bokiti yake ɗaya hannun.

Kowane tsanin kamfani yana da takarda a gefensa mai faɗin nauyin da zai ɗauka. Na Turai kilo 150 ne. Na Amurka aji-aji ne, daga kilo 91 na aikin gida zuwa kilo 170 na aiki mai nauyi. Adadin ya haɗa da mutum da tufafinsa da kayan aikinsa da abin da ya ɗauko, kuma na mutum ɗaya ne. Gaskiya ne hukumar OSHA ta Amurka ta shar'anta yawancin tsani ya iya jure ninki huɗu na nauyin da aka rubuta, amma rarar nan an ajiye ta ne saboda girgiza da tsufa, ba don a hau da buhun siminti ba.

Sai maganar wuta. Wayoyin da ke bi ta unguwanni a Nijeriya, masu ƙarfin bolt 11,000 da 33,000, tsirara suke, kuma wuta mai wannan ƙarfi tana iya tsallakowa kafin a kai ga taɓa wayar. Ƙa'idar Amurka ta ce a nisanci irinsu da aƙalla mita uku. Haɗarin ya fi yawa a lokacin ɗaga tsani ko sauya masa wuri yana miƙe, ido yana ƙasa kan tsanin yana lilo a sama. Duk inda waya take kusa, a ajiye na alminiyam, a kuma ɗauki kowane tsani a kwance.

Tsanin da aka fi gani a wuraren gini ba na kamfani ba ne, na kafinta ne: katako biyu dogaye, an bubbuga musu guntaye da ƙusa. A irin wannan, nauyin birkila da kwanon siminti a kansa yana rataye ne a kan ƙusa biyu ko huɗu, kuma kowane taku yana ƙara faɗaɗa raminsu. Gyaran ba shi da tsada. A sassaƙa gurbi a jikin sandar gefe matakala ta zauna ciki, ko a buga guntun katako tsakanin matakala da matakala, yadda itace zai ɗauki nauyin, ƙusa ta zama mariƙi kawai. Tazarar matakalai ta zama ɗaya, kimanin santimita 30, domin ƙafar mai sauka ba ta gani, inda ta saba samun matakala nan take nema. Kada a shafa wa tsanin katako fenti mai rufe jiki, yana ɓoye tsagewa da cin gara. Ɗaure gajerun tsani biyu da igiya ko waya don su yi tsawo kuwa ganganci ne tsagwaronsa, don babu maƙali babu ƙugiya a gaɓar. In abu ya faru a ce tsautsayi ne, alhali wanda ya faɗo daga mita uku kacal yana isa ƙasa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, da gudun da ya kusa kilomita 28 a awa.

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya tana ba da shawarar cewa aikin da zai tsayar da mutum a kan tsani fiye da minti 30 a nemo masa wani abin hawa. Nan injin ɗaga ma'aikaci yake shigowa, kuma iri biyu aka fi sani. Mai almakashi yana da sanduna a gicciye da suke buɗewa su ɗaga dandamali sama sak. Mai hannu yana da dogon hannu da kwando a ƙarshensa, yana kaiwa sama da gefe. Wani Ba'amurke, Jay Eitel, ya ƙera irinsa a 1944 don tsinkar 'ya'yan itacen ceri, daga baya kamfanonin waya da na wuta suka rungume shi. Duka biyun da mai suke aiki kamar jak ɗin mota: famfo yana tura mai cikin silinda, silinda tana tura sanda. A jikin silindar akwai bawul da ke kulle man a ciki, don ko tiyo ya fashe dandamali kada ya rufto. Makaniken da zai shiga tsakanin sandunan almakashi dole ya kafa sandar tokare da aka tanada, domin almakashin in ya rufe ba ya barin komai.

Ciwon injin ɗaya ne da na tsani, wato kifewa. Gindinsa ƙunci ne, nauyi ya hau sama, don haka ɗan ramin da taya ɗaya ta faɗa yakan zama babban lilo a kwando. Masu ƙira sun sa na'urar da ke kuka idan injin ya karkata, da wadda ke tsayar da shi idan kaya sun yi yawa, sun kuma rage masa gudu idan yana ɗage. Direban da ya cire wayar na'urar saboda ƙararta ta dame shi ya kashe abin da ke faɗa masa gaskiya. Ƙafafun tokare na injin da ke kan mota suna tara nauyi mai yawa a ɗan wuri, saboda haka ana shimfiɗa musu faifai mai faɗi, a kuma guji murfin sokawe, bakin kwata da ramin da aka cike kwanan nan. Yawancin injinan waje an ƙayyade musu iskar da ba ta wuce mita 12.5 a daƙiƙa ba, wato kilomita 45 a awa, wasu kuma na cikin gini ne kawai. Iskar hadarin farkon damina tana wuce wannan cikin ƙiftawar ido, kuma allon talla ko fallen kwano a cikin kwando yana ƙara wa iska abin kamawa.

A cikin kwandon mai hannu ana ɗaura ɗamarar jiki da gajeriyar igiya, a maƙala ta a zoben da aka tanada a cikin kwandon, ba a jikin falwaya ko gini ba, domin idan taya ta daki wani abu hannun yana iya cilla mutum kamar ɗanko ya cilla dutse. Ba a taka shingen kwando, ba a kuma kafa tsani a cikinsa don ƙarin tsawo. Mai tuƙi ya riƙa duban sama, don an sha matse mutum tsakanin shinge da ƙarfen rufi. A Birtaniya doka ta ce ƙwararre ya binciki duk injin da ke ɗaga mutane kowane wata shida. Kowane inji yana da madannai a ƙasa da hanyar sauke kwando ko da ya mutu, kuma kafin kowa ya hau dole a sami mutum a ƙasa da aka nuna wa inda suke, ya gwada su da hannunsa.