Sirrin Majinyaci Ya Koma Kwamfuta, Wa Ke Riƙe da Makullin?

Duk wanda ya taɓa zuwa asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko babban asibitin Argungu ya san ɗakin kati: a tambayi suna, unguwa da lambar waya, a miƙo ɗan kati mai lamba. Ƙarƙashin lambar nan ake tara abin da mutum ba zai gaya wa ko amininsa ba, kamar gwajin ƙanjamau, ɓarin ciki ko taɓin hankali. A da, mai son leƙa fayil sai ya taka da ƙafarsa. Yanzu da asibitoci da hukumomin taimakekeniyar lafiya irin su KECHEMA ke zuba bayanai a kwamfuta, sakacin mutum ɗaya ya isa ya tona asirin dubbai.

An gani a jihar Filato. A 2022 masu binciken Website Planet suka tarar da rumbun bayanan hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar, PLASCHEMA, a intanet babu kariya, ɗauke da hotuna da katunan shaidar mutum kusan 37,000. Ba kutse aka yi ba, ƙofa aka bari a buɗe.

Sai dai ɓarakar da ta fi kusa tana cikin aljihu. Ma'aikaci ya ɗauki hoton sakamakon gwaji ya tura wa likita ta WhatsApp don a yi sauri, da yamma kuma wayar ta tafi wurin mai caji. Ko a rubuta lambar sirrin kwamfuta a takarda a manna jikin tebur, kowa ya shiga da sunan mutum ɗaya, a rasa wa za a kama in magana ta fita. A garin da kowa ya san kowa, irin wannan kan rusa baiko kafin a kai lefe.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana bayyana sirrin majinyaci sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu ko na doka, ko in ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin haɗari. Sashe na 29 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tarar naira 250,000, ga mai leƙa ko kwafar fayil ba izini. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ba hukumar da bayananta suka fallasa awa 72 ta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, inda majinyaci ma ke iya kai ƙara.

Dangi ma su kula. Masu yaɗa takardar asibiti a Facebook don neman taimakon kuɗin magani su fara neman yardar mai ciwon, sannan su rufe lambar kati da adireshi.