Injin Japan, Zafin Gumel da Al'adar Cire Tamostat

A shekarar 1971, motar da ta zo ta ɗaya a tseren Safari na Gabashin Afirka ita ce Datsun 240Z, Edgar Herrmann na tuƙi, Hans Schüller na karanta masa hanya. Bayan shekara biyu, a 1973, Shekhar Mehta ya sake cin gasar da irin wannan mota. Kamfanin Nissan ya fito da ita ne a ƙarshen 1969: kujera biyu, dogon hanci, inji mai silinda shida a jere, lita 2.4, da kafireto biyu. Daga baya Toyota Celica ta karɓi tuta, ta ci Safari sau uku a jere, 1984 da 1985 da 1986. Tseren nan na dubban kilomita ne a kan burji da yashi da taɓo, cikin rana mai ƙuna. Na kawo tarihin ne saboda wata magana da ta zama kamar karatu a garejojinmu, cewa injin Japan an ƙera shi ne don ƙasar sanyi, saboda haka sai an rage masa wasu kaya kafin ya iya zama da mu. Ra'ayina shi ne wannan magana ta kashe injuna fiye da yadda tsufa ya kashe su.

Mai karatu a Gagarawa Tasha zai iya cewa ina ruwansa da motar tsere, shi da abin da yake gani kullum su ne Hiace da Hilux da Carina da Kanta, cike da mutane da buhuna da awaki, suna bin hanyar Gumel zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Dangantakar ta fi yadda ake zato kusa. Corolla AE86, wadda aka ƙera tsakanin 1983 da 1987, wadda masu sha'awar tsofaffin motoci ke rububinta a duniya yau, tana ɗauke da injin 4A-GE, kuma ɗan gidansu ne 4A-FE da ke cikin Carina E da Corolla da yawa da ke lodi a tashoshinmu. Gangar jikin injin ta baƙin ƙarfe ce, kansa na alminiyam, kamar dai na 240Z. Abin da ke raya ɗaya shi ke raya ɗayan. Bambancin kawai shi ne wancan abin marmari ne a wajen mai shi, wannan kuwa jari ne da ake ci da iyali da shi, kuma jarin da maye gurbinsa ke ƙara wuya: a ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sannan cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira suka sa injin Beljiyam ya fi ƙarfin direbobi da dama.

To, mu duba abin da aka fi cirewa, wato tamostat. Ɗan ƙaramin bawul ne da ke tsaye a hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto. Da sanyin safiya yana rufe, ruwa na zagayawa a cikin inji kaɗai har ya ɗumama. Idan zafi ya kai wajen digiri 82 a yawancin waɗannan injuna sai ya fara buɗewa, ruwa ya tafi lagireto ya huce ya dawo. Aikinsa shi ne ya riƙe injin a zafi guda, domin a kan wannan zafin aka auna tazarar da ke tsakanin fistin da silinda, a kansa baƙin mai ke samun kaurin da ya dace, a kansa kuma fetur ke ƙonewa sosai. Wanda ya ce ba mu da sanyi, ya manta da asubar hunturu a Sule Tankarkar ko Maigatari, lokacin da mutum ke neman wuta ya ji ɗumi. Motar da aka cire wa tamostat, aka kuma haɗa mata fanka kai tsaye, za ta yi tafiya mai nisa a irin wannan safiya injinta bai kai zafin aiki ba. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, ringi na cin ƙarfe a hankali. Idan mai injekta ce, na'urar da ke auna zafin ruwa tana ta gaya wa kwamfutar motar cewa har yanzu da sanyi, ita kuma tana ta ƙara mai. Direba na biyan wannan a gidan mai kowace rana bai sani ba. Akwai ma abin da ya fi wannan: a injuna da yawa tamostat ɗin na da wani faifai a ƙasansa da ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Idan an cire shi, wannan hanya ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa kewaye lagireton. Sai ka ga mota ta ƙi ɗumama da asuba, da azahar a watan Afrilu kuma, da kaya a kanta, allura ta haura ja.

Bakanike mai gaskiya zai ce: ni dai na sha cirewa, zafin kuma ya sauka. Ban musa masa ba, kuma hujjarsa na da tushe. Tamostat na lalacewa, ya maƙale a rufe, ya dafa inji cikin mintuna kaɗan, kuma wanda ya taɓa ganin kan inji ya lanƙwashe gaskit ya ƙone saboda ɗan ƙarfen da bai cika tafin hannu ba, dole ya ƙullace shi. A tsakiyar daji, da fasinja a mota, cire shi don a isa gari dabara ce mai kyau. Kuskuren shi ne mayar da dabarar hanya ta zama gyara na dindindin. Gwada tamostat ba ya buƙatar komai sai tukunya da ruwa da wuta: a jefa shi, idan ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya kuma rufe bayan ya huce, lafiyarsa ƙalau, ciwon na wani wuri ne. Sau da yawa kuwa yana cikin lagireton da ruwan rijiya ya toshe da gishirin ƙasa da tsatsa, ko ƙura da ƙaiƙayi suka liƙe masa fuska, ko fanbel ya saki, ko fuka-fukan famfon ruwa sun cinye. Sai kuma murfin lagireto, wanda ba a cika kallonsa ba. Shi ke riƙe matsin iska na kusan bar 0.9, wanda ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120. Murfin da robarsa ta mutu, ko wanda aka maye da tsumma da leda, ya ƙwace wa injin wannan tazara gaba ɗaya, kuma a ƙasar da zafin rana ke wuce digiri 40 a bazara ita ce tazarar da ke tsakanin isa Gumel da tsayawa a bakin hanya.

Bayan zafi, ƙura ita ce abokiyar gaba ta biyu, kuma a nan ma cirewa ake yi. Iyakilina ta toshe, mota ta rage jan da take yi, sai a fitar da ita a yar, ko a huda ta. Yashin jigawar nan yana shiga da iska, ya haɗu da mai, ya zama kamar sanfefa a jikin silinda. Man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka kan zo da nasa ruwan da datti, ya toshe jet ɗin kafireto, a nan ma maimakon a sa filta mai kyau sai a buɗe jet ɗin da waya.

Abin da masu riƙe da tsofaffin 240Z suka fi mu da shi, a ganina, tsari ne na bincike kafin a taɓa sifana. Inji na buƙatar wuta a kan lokaci, da mai daidai gwargwado, da iska mai tsabta, da matsi a cikin silinda, kuma kowanne ana iya auna shi. Ana fara duba fulogi, domin launinsa na ba da labari: baƙi mai toka-toka mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa, jiƙe da baƙin mai kuwa ringi ko robar bawul. Ana ɗaura ma'aunin matsi a kowace silinda. Idan ɗaya ta yi ƙasa sai a ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake gwadawa, in matsin ya tashi ringi ne, in bai tashi ba bawul ne ko gaskit. Sai an tabbatar da tazarar bawul da tayimin kafin a je ga kafireto, don kafireto biyun 240Z, idan aka juya su a kan injin da wutarsa ba daidai ba, sai dai a ƙara rikita shi. A wajenmu sau da yawa daga kafireto ake farawa, a canja koyil, a canja famfon mai, mai mota na biya, har a dace.

Za a ce motocin Safari na da kamfani a bayansu, da injiniyoyi da kaya sababbi a kowane zango, kuma gaskiya ne. Za a ƙara da cewa Nissan ta dawo da ƙera kayan tsohuwar Skyline GT-R a 2017, Toyota ta bi sahu da na Supra a 2020 da na AE86 a 2021, alhali bakaniken Gumel sai ya aika Ƙofar Ruwa a Kano, kuma abin da zai dawo masa yana iya zama jabu a cikin kwali mai kyau. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ita ce ta sa nake ganin gwaji ya fi zama wajibi a kanmu fiye da kan Bajapane: wanda ba shi da tabbas a kan sabon tamostat, shi ya fi cancanta ya jefa shi a tukunya kafin ya ɗaura. Muna kuma da wata sa'a da masu 240Z a Turai da Amurka za su yi mana hassada a kanta. Abin da ya cinye yawancin motocinsu tsatsa ce, daga danshi da gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma gyaran ruɓaɓɓen bodi ya fi gyaran inji tsada nesa ba kusa ba. Busasshiyar iskar arewacin Jigawa ta ɗauke mana mafi yawan wannan. Abin da ya rage mana, zafi da ƙura, maganinsu na cikin kaya mafi araha a jikin mota. Ma'aunin matsi, da fitilar tayimin, da famfon gwada murfin lagireto ba su fi ƙarfin ƙungiyar kanikawa ta gari guda ba idan aka yi karo-karo aka ajiye su a hannun shugaban gareji, kuma yaron da ya koyi aiki da su a shekararsa ta farko zai riƙa tambayar abin da ya sa ruwa ya tafasa kafin ya kwance ƙusoshi biyun da ke riƙe da gidan tamostat.