Uwargida, Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

 Yau ɗauko mana kwandon kwalliyarki za ki yi mu leƙa tare. Wannan burushin da kike shafa hoda, da soson da ya rine ya koma launin ƙasa, da tsinken da kike zizara kwalli, yaushe rabonsu da ruwa da sabulu?

Da yawanmu a Dutsin-Ma da Kurfi ba mu wasa da tsaftar jiki da ta ɗaki, amma sai mace ta sayo burushi a kasuwar Laraba ta yi shekara tana goga shi a fuska bai ga wanki ba. Alhali duk shafawa ɗaya yana kwasar maiƙo da gumi da mataccen fata, ga ƙurar hunturu, ga danshin damina. Nan ƙwayoyin cuta ke samun gida. Sai ƙuraje su feso, ko hazbiya ta fito a ido, a ɗora laifin a kan man shafawa.

A shekarar 2019 masu bincike a Jami'ar Aston da ke Birmingham a Ingila sun gwada kayan kwalliya 467 da mata ke amfani da su, suka samu ƙwayoyin cuta a kashi 79 zuwa 90 cikin ɗari. Soson shafa hoda ne ya fi muni, domin kashi 93 cikin ɗari ba a taɓa wanke su ba. Shi ya sa ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ke ba da shawarar a wanke burushi duk bayan kwana 7 zuwa 10.

Wankin kuwa ba wuya. Ki samu ruwa mai ɗumi kaɗan, ban da mai zafi, ki jiƙa bakin gashin kawai yana kallon ƙasa, saboda in ruwa ya shiga wajen ƙarfen nan zai narkar da gam ɗin da ya riƙe gashin, ya riƙa zubewa. Ki ɗiga sabulun wankan jarirai a tafin hannu, ki murza burushin a hankali, ki ɗauraye, ki maimaita har sai ruwan ya fito garau. Sannan ki matse da tawul mai tsabta, ki kwantar da shi a bakin tebur inda iska ke ratsawa. Kada ki tsayar da shi cikin kofi yana jiƙe, kada kuma ki mayar da shi jaka sai ya bushe ƙarau. In kika ware daren Alhamis, kafin kwalliyar Juma'a ya bushe.

Shi soso ki wanke shi duk lokacin da kika yi amfani da shi, ki sauya bayan wata uku, haka ma maskara. Tsinken kwalli ki wanke, ki goge, ya bushe kafin ki mayar cikin tandu. Jiƙa ja-gira ko gazal da miyau kuwa, don Allah a daina.

Babbar matsalar tana gidan biki. Mai kwalliya ɗaya za ta yi wa amarya da ƙawayenta da burushi ɗaya, tsinken kwalli ya zagaye ɗaki daga ido zuwa ido, a dawo gida a sa wa yara da shi. Ciwon idon nan da muke kira Apolo, wanda ya fara ɓulla a Ghana a 1969, ta hannu da tawul da irin wannan aron yake yaɗuwa, kuma in ya shiga gida har maigida da jariri ba ya bari. Haka ƙurajen leɓe ke bin jan-baki.

Don haka in za ki aurar da 'yarki, ki sa mata sabbin burushi da soso nata na kanta, ki miƙa wa mai kwalliya cikin mutunci, ki ce da waɗannan za a yi mata. Ba raini ba ne, rigakafi ne. In kuwa idonki ya yi ja yana kwantsa, ki ajiye kwalliya ki tafi asibiti, ki zubar da maskara da gazal ɗin da kika yi amfani da su a kwanakin, don kada ciwon ya dawo.

Ado domin maigida ibada ce, tsafta kuma cikon addini. Ki koya wa 'yan matanki tun suna gabanki. Allah ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya a gidajenmu, amin. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.